Zumuncina A Ciki Yake

Ina da abokai uku a Kaduna da muka tashi tare tun muna yawo da gajeren wando, kuma Allah ya sani ina ƙaunarsu. Sai dai ƙaunar tawa irin ta gaiwa ce, ta shige laka ta kwanta wata da watanni ba ko motsi, sai lokacinta ya yi ta farka. Bambancin kawai, gaiwa ruwan sama take jira, ni kuwa hunturu. Da zarar iskar Disamba ta buso, leɓe ya fara tsagewa, masu kaji suka fara ƙara kuɗi a kasuwa, sai begen mutanen nan ya taso mini har ya hana ni sukuni. In ɗauki waya in shiga laluben lambobin da rabona da su tun bara. "Fasto, kwana biyu! Ka ɓuya." Alhali kowa ya san wanda ya ɓuya.

Su ukun Kiristoci ne, ni Musulmi ne, kuma ranar 25 ga Disamba ake sauke manyan tukwane a gidajensu. Ba sai na ƙarasa wa mai karatu lissafin ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Nawa dai a ciki yake, ƙafar dako kawai take yi masa, jirgin ƙasa kuma ya zo ya rage mata wahala.

Ciwon ya samo asali ne a Kakuri, zamanin da masaƙu ke da rai. KTL da ta fara aiki a 1957, da UNTL, da Arewa, da Nortex, su suka tara wa unguwar jama'a daga ko'ina, har jiniyar canjin aiki ta zama agogon kowa. Mahaifina ma'aikacin ɗaya daga cikinsu ne. Gidan haya muke zaune, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗakin da ke jikin namu na mutanen Kagoro ne, na gaba da shi Bajju ne daga Zonkwa, can ƙurya kuma wani magidanci ne daga Kwoi. Da Hausa ake faɗa a bakin famfo, da ita ake shiryawa. In Sallah ta zo, mu ne 'yan aiken kai tuwo da nama ƙofa ƙofa. In Kirsimeti ta zo, sai kwanukan su juyo gida ɗauke da shinkafa.

Yaran yanzu da ke ture shinkafa su ce sun gaji da ita ba za su gane ba. A gidan leburan masaƙa tuwon masara ne da dare, ɗumamensa da safe, haka shekara ke zagayowa. Farar shinkafa da jar miya, mai na yawo a samanta, ga cinyar kaza a tsakiya, wannan sai ranar biki. Ni ake aika in karɓo kwanonmu daga wurin Mama, uwar abokina ɗan Kagoro. Tsakanin ƙofarta da tamu babu nisan da zai sa mutum ya tsaya hutawa, amma ni sai na tsaya a bayan durom ɗin ruwa, in ɗaga murfi in ga ko komai lafiya. Mahaifiyata ta jima tana mamakin yadda kajin mutanen Kagoro ke da gajerun cinyoyi.

A jajibirin bikin, Baba, mijin Mama, kan tsaya a ƙofarmu riƙe da kaji, kawunansu a ƙasa, ya yi sallama ya ce, "Malam, a taimaka a yanka mana, don yaranka su samu su ci." Haka sauran maƙwabtan ke yi, kuma har gobe ana yi a wurare da dama a Arewa: Kirista ya kira Musulmi ya yanka masa dabbar biki don kada maƙwabcinsa ya yi shakkar naman. Mahaifina ya fuskanci gabas ya yi bisimilla, ni in danne ƙafafu da fukafukai. Ladan aikina ƙundu ne. Kowa ya san ƙundu rabon maigida ne, yaro ba ya ko kallonsa, amma Baba ya ce a ɗakinsa na mai riƙe kaza ne. Alheri ya nufa, bawan Allah, bai san abin da ya shuka ba.

Wata shekara aka bar ni na bi su Baba gida hutun Kirsimeti a tsohon jirgin nan da ba ya gaggawa. Daga babbar tashar Kaduna zuwa Kafanchan, garin da layin dogo ya raya tun da ya zama mahaɗa a 1927, tafiyar da mota ke gamawa kafin azahar mu sai da muka wuni. Ban ga laifinsa ba, don duk inda ya tsaya 'yan talla ne ke miƙo faranti ta taga: rake, dafaffen ƙwai, gyaɗa, ayaba. Kafin mu kai Zonkwa na cinye kuɗin dawowa da aka ƙulle mini a bakin wando. Na zauna har bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairu a gindin dutsensu. Abokina har yau yana ba da labarin maharba da kiɗa da rawar ranar. Ni abin da na riƙe faten acca ne. Tun daga lokacin, in na ji kukan jirgi sai yawuna ya tsinke.

Sai duniya ta juya. Rikicin 2000 da na 2002 suka raba Kaduna biyu, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattara suka yi arewa, Kiristoci suka yi kudu. Masaƙun ma suka bi juna suna rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007. Mu muka koma Tudun Wada. Ɗan Kagoro, wanda yanzu malamin makaranta ne muke ce masa Tica, ya kwashe iyayensa zuwa Unguwar Romi. Ɗan Zonkwa ya zama Injiniya a Narayi. Ɗan Kwoi, wanda a cikinmu babu wanda ya kai shi satar mangwaro, shi ne Fasto a Sabon Tasha. Ni neman abinci ya kai ni Abuja, ko in faɗi gaskiya Mararaba, inda masu aikin Abuja ke kwana. Shekaru suka shuɗe ba mu ga juna ba, ina fakewa da lalacewar titi, daga baya kuma masu garkuwa da mutane suka ba ni hujjar da ba mai musawa.

Ranar 26 ga Yuli, 2016, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin dogon da wani kamfanin ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, kilomita 186. 'Yan kasuwa suka yi murna, ma'aikata masu iyali a Kaduna suka yi murna, da tafiya ta yi tafiya manya masu jiniya ma suka ajiye motocinsu suka dawo jirgi tare da talakawa saboda tsoron hanya. Ni da na ji labarin a rediyo, yatsu na sa na ƙirga. Saura wata biyar.

Tun daga nan na tsara abina. Ranar 24 nake shiga jirgi. In na sauka a Rigasa sai in biya Tudun Wada gidan ƙanwata in ɗauki wuƙar mahaifina, wadda can take zama don ba a shiga jirgi da ita, sannan in tari keke in haye gada. In an tambaye ni, yanka na je yi, aikin da na gada. Gaskiyar magana leƙen asiri ne. Gidan da na yanka kaji biyu da gidan da na kayar da bunsuru ba za su samu matsayi ɗaya a tsarin gobe ba. In leƙa kicin da sunan gaida Madam, idona na kan buhun shinkafa da kwandon tumatir da doyar da aka jingine a bango. Kafin magariba na san inda zan fara da inda zan ƙare.

Yawanci Narayi ce farko, don Injiniya ɗan Katolika ne, tun dare suke yin ibadarsu, kafin hantsi jalof ɗin matarsa ya sauka da soyayyar kaza. Gidan Fasto sai bayan azahar, shi ne na ƙarshen barin coci, kuma can ne ake kirɓa sakwara da miyar agushi, ga farfesun kayan ciki, ga zoɓo mai cittar Kwoi, cittar da har ƙasashen waje ake fitar da ita, wadda in ka kurɓa sai ka ji ta a kunne. Romi sai dare, wurin Mama. A kowane gida za a tambaye ni, "Alhaji, ka ci wani abu kuwa?" Ba na rantsuwa a kan ƙarya, ina tsoron Allah. Sai dai in shafa ciki, in langaɓe kai, in ce, "Hmm, Madam, bari kawai." Abin da na manta shi ne matan nan uku adashi ɗaya suke zubi. Wata shekara na shiga gidan Fasto, na shafa ciki, na langaɓe kai, ban kai ga buɗe baki ba matarsa ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Matar Injiniya ta ce in gaya maka ka manta hularka a gefen faranti na biyu." Na taɓa kaina, babu hula. Ta kawo sakwarar duk da haka, ni ma ban bar ta ta huce ba.

A cikin jirgin ne abin ya fi muni, don a nan nake zama mutumin kirki. Tarago a jajibirin Kirsimeti cike yake da masu komawa gida, da buhunan shinkafa, da galan na man gyaɗa, da yara rungume da sababbin takalman da aka hana su sawa sai gobe. In jirgi ya bar Kubwa, duwatsu suka fara wucewa cikin hazo, sai hira ta ɓarke, kuma dole wani ya dubi hulata da carbina ya tambayi abin da zai kai ni Kaduna yau. Nan nake gyara zama. In kawo tarihin Kakuri, in kawo yadda aka raba gari, in ce ai dole wasu su riƙa haye gadar nan. In kawo misalin Fasto Yohanna Buru na Sabon Tasha, wanda duk shekara jaridu ke ba da labarin Musulmi da malamansu da ke zuwa cocinsa ranar Kirsimeti don ƙarfafa zaman lafiya, in bar mai sauraro ya ɗauka ni ma cikin tawagar nake. Ban taɓa taka ƙofar cocin ba. Lokacin da bayin Allah ke can, ni ina Narayi hannuna cikin faranti.

Wata dattijuwa da muka zauna kujera ɗaya ta taɓa saurarena har idonta ya ciko. Ta ce, "Ɗana, da irinku sun yi yawa, da ƙasar nan ta zauna lafiya." Ta ɗaga hannu tana sa mini albarka. Daidai nan jirgi ya rage gudu zai shiga Jere, jakata ta zamo daga saman inda ake ɗora kaya, zif ya buɗe, kuloli uku suka gangaro tsakiyar tarago, murfi na bin murfi, ƙullin baƙaƙen ledoji na biye. Wani yaro ya bi ya tsinto mini su ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ya leƙa cikinta. "Baba, ba komai a ciki." Na ce masa na sani. Dattijuwar ta sauke hannunta, ta juya tana kallon taga har Rigasa.

Ta fuskar addini ma na yi shiri. Duk Disamba sai muhawara ta tashi a kan cin abincin Kirsimeti, wasu malamai su hana, wasu su halatta, kowa da hujjarsa, ni kuma ba tsaransu ba ne. Abin kunyar shi ne, mutumin da in aka tambaye shi nisabin zakka sai ya fara tari, wanda har yau ƙabli da ba'adi ke rikita shi, a wannan mas'ala guda ya zama gangaran. Na san aya ta 5 a Suratul Ma'ida, na san abin da aka faɗa a kan abincin Ma'abota Littafi, na san amsar da zan ba duk wanda ya tare ni. Limamin unguwarmu ya taɓa bari na zuba har na gama, sannan ya ce, "Malam, da za ka ba sauran babukan rabin wannan himma, da mun bar maka limancin asuba."

Daga baya jirgin ya koma kyauta, abin ya ƙara ɓata ni. A Disambar 2021 gwamnati ta ce a hau ba ko kwabo daga ranar 24 zuwa 4 ga Janairu. A 2023, bayan cire tallafin man fetur ya sa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatin Bola Tinubu ta sake yin haka daga 21 ga Disamba, a 2024 ma aka maimaita. Kwaɗayi ya haɗu da ƙaninsa son banza. Kyautar ba ta ɗauke yankan tikiti a waya da lambar katin ɗan ƙasa ba, kuma ashe irina suna da yawa a ƙasar nan, don kafin in gama shigar da sunana jirgin ranar da na saba bi, wanda nake isa tasharsa a motar haya, ya cika. Na raba dare ina dannawa, na ƙona data, na tashi ɗana daga barci ya taya ni da tasa wayar, har muka samu kujera a jirgin farko na safe. Wanda zai kama jirgin safe a Idu daga Mararaba kuwa, sai dai ya ɗauki shatar tasi tun kafin assalatu. Tikitin da na tsere wa biya bai kai naira 4,000 ba. Abin da na ba mai tasi ya ninka shi har da ɗori. Amma duk wanda na haɗu da shi a Kaduna sai da na gaya masa a banza na zo, kuma na ji daɗin faɗar har cikin raina.

Akwai shekarar da ba ta dariya ba ce. Daren 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa bam a kan layin kusa da Katari, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta, suka kashe mutane, suka shige daji da fiye da 60. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai ranar 5 ga Disamba. Ni matsoraci ne, ban taɓa ɓoyewa ba, ko tayar mota ce ta fashe a titi sai na nemi bayan wani. Na faɗa a gaban iyalina cewa ni da jirgin nan har abada. Ranar 24 ga watan ina zaune a tarago, jikin taga. Da muka doshi wurin da abin ya faru hira ta mutu, kowa ya koma ga Ubangijinsa, mai carbi na ja, mai Littafi Mai Tsarki ya buɗe nasa, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Da yawa dole ce ta sa su a jirgin, mai zuwa ganin tsohuwarsa, mai 'ya'yan da ke jiransa. Na dube su na tambayi kaina ni me ya kawo ni, amsar ba ta yi mini daɗi ba.

Da a ce son abokai ne ya fi ƙarfin tsorona a ranar, da na yi alfahari. Amma akwai shaidar da ba ta bar mini wannan ba. Lokacin da mahaifina ya rasu, su ukun nan suka haye gada zuwa Tudun Wada, a zamanin da ba kowane Kirista ke son magariba ta riske shi a can ba, suka zauna a tabarma tare da mu har aka yi sadakar uku. Baba ma ya zo, yana dogara sanda. Da shi Baban ya rasu, cikin wata damina, jirgi na aiki, tikiti ba rububi, aljihuna ba wayam yake ba. Na tura wa Tica saƙo a WhatsApp, mai tsawo, da hoton hannuwa biyu a haɗe. Na ce ina nan tafe. Na kuwa tafo, a Disamba.

Na shiga Romi da dare ina ta shirya kalaman da zan fara da su. Mama na zaune a kujerarta ta roba, ta rame, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Na durƙusa zan buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. Ta sa jikarta ta kawo faten acca a kwanon da ta san ina so, da ƙundu biyu a ɗan faranti a gefe. Ta ce, "Ci tukuna, ɗana. In ka gama sai ka yi mini gaisuwar babanku. Tun kana yaro ba ka iya magana da yunwa." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ɗan halak a nan zai ture kwanon ya ce ba zai iya ba. Ni na ci. Ina ci hawaye na zuba, Tica ya kau da kai, da yarinyar ta zo ɗaukar kwano ta tambaya ko a ƙaro, ban ce a'a da ƙarfin da za a yarda ba.

Na taɓa neman wanke kaina a gaban uwargida, wadda ita ke wanke kulolin in na dawo, don haka ba abin da ya ɓuya mata. Na ce ta duba yaran da muka tashi tare a Kakuri, natsattsu, waɗanda abincin kowa bai dame su ba. Nawa ne cikinsu suka ƙara taka Sabon Tasha tun 2000? 'Ya'yansu ba su san Kirista ko ɗaya da za su kira da suna ba. Ni ko ba komai cikina ya sa ina haye gadar. Ta bari na gama, tana tsintar wake, ta ce, "To Malam, ai Injiniya na azumin kwana 40 kafin Ista. Ka je masa a lokacin mana, jirgin ai bai san Disamba ba." Na ce zan duba. Ista ta zo ta wuce ina dubawa.

Ta kuma tuna mini Babbar Sallar da suka rama ziyara. Ni na gayyace su, irin gayyatar da ake yi a bakin ƙofa ana saka takalmi, ban zaci za su ɗauka da gaske ba. Sai ga waya wai suna tashar Kubwa, su uku da matansu da 'ya'ya. Ragona na shekarar kuwa ɗan madaidaici ne, irin wanda ake ɗaurewa a bayan gida don kada maƙwabta su yi tambaya. Na yi murnar ganinsu, wannan gaskiya ne, amma duk tsokar da ta bar faranti sai da idona ya raka ta. Fasto ya lura. Ya zaro kula daga jakarsa, ya shiga cika ta a gabana a hankali, yana zaɓe, ya ce, "Mutumina, zaman lafiya muke ƙarfafawa."

Bana likita ya shigo maganar. Ya dubi takardar gwaji, ya dube ni, ya ce sukari ya hau, jini ya hau, ya lissafo abin da zan bari: farar shinkafa, soye-soye, sakwara, jan nama, cincin, duk wani abu mai zaƙi. Bai san Narayi da Sabon Tasha yake karantowa ba. Acca kawai ya bar mini, ita ma ba mai. Uwargida ta ce to bana za a gane ko mutanen nake zuwa gani ko tukwanensu. Ta kwashe lambobin matan uku daga wayata ina barci, kulolin kuma ta kai su ajiya gidan yayarta.

Zan je. Tica ya ce Mama na tambaya ko wuƙar na nan, kuma ƙafa ta fara hana ta fita ko coci. Na yi niyyar in zauna in yi hirar da ban taɓa samun damar yi ba saboda bakina a cike yake, in tambayi sunayen jikokin da nake shafa kansu duk shekara ina ce musu "kai yaro". Allah ya ba ni iko. Sai dai ina da roƙo guda ga matar Fasto, in wannan rubutu ya kai gare ta. Madam, in uwargidana ta kira ki, ki amsa mata da to a kan komai, kada ki yi mata gardama. Ƙundun dai ki ƙulle mini shi a leda, ki ba yaro ya same ni a bakin titi.